Muciyar Kaka da Kaluluwata

Ina yaro ƙaya ta soke ni a ƙafa a gonarmu ta hanyar Tsauni, bayan kwana biyu kaluluwa ta fito mini a matsematsi. Da la'asar Kaka ta kara muciya a wuta za ta danna mini. Har yau ina jin ƙaurin busasshen tuwon da ke jikin muciyar nan.

Ina cikin ihu sai ga Kawu, mai aikin asibiti a Matameye. Ya duba ƙafar, ya taɓa kumburin.

"Inna, kada ki ƙona barikin soja," in ji shi. "Ƙwayoyin cuta ne suka bi ramin ƙayar, shi ne dakarun jininsa suka taru nan suna tare musu hanya. Ciwon ƙafar za mu wanke."

Kaka ta harare shi, ta ajiye muciyar. Can sai ga ta da ƙwaryar fura.

"Sha, angona. Sojan da bai ci ba, gudu yake yi."

Jiya ɗiyata ta yi kaluluwa. Na kai ta asibiti aka wanke ciwon. Da muka dawo, ni da ko koko ban iya damawa ba, na ce a miƙo mini ludayi in dama mata fura.