Ɗakin da Ba Ya Bukatar Tafinta

A rana ta uku ta taronsu a wani otal, wakilan ƙasashe bakwai suka tashi ba su amince da komai ba sai ranar taro na gaba. Tafintansu ya kashe makirufo, maƙogwaronsa a bushe. Shekara huɗu ke nan yana juya musu gardama ɗaya daga harshe zuwa harshe: yadda za su daidaita dokokinsu, su hukunta kamfanonin da ke haɗa baki kan farashi. Wannan ya ce kalmar ta yi tsauri, wancan ya ce a kafa kwamiti.

Wayarsa ta yi ƙara. Yayarsa ce, mai gidan bulo, wadda tsadar siminti ta sa ta sallami rabin ma'aikatanta.

"Ƙanena, sun sa hannu? In ba a taɓa masu simintin nan ba, ƙarshen wata zan rufe."

"Sun sa, Yaya. A takardar halarta."

Yana saukowa manajan otal ya tare shi, ya ce masu siminti na ƙasashen bakwai suna ƙaramin ɗaki, suna neman tafinta. Ya ɗaga ƙafa, yana murna yau zai ji da kunnensa, ya tsaya wa Yaya shaida.

Ya tarar suna musabaha, shayinsu ko hucewa bai yi ba. A tebur takarda guda ce, da lamba ɗaya tak: farashin buhun siminti.

"Koma abinka, malam," in ji babbansu, yana ninke takardar. "Mu mun riga mun fahimci juna."