Toshiyar Ramin Kwal

Ranar Juma'a wani kaset ya iso masa a Riyadh, ɗauke da muryar yayarsa.

"Ƙanena, ramin kwal ɗin da kuka toshe kafin ka tafi, iskar gas ta ɓullo, ta kama da wuta, ta kashe makiyaya biyu. An ɗaure tsohon birkilanka shekara bakwai."

Ya tsayar da kaset. Shi ne injiniyan da ya sa hannu cewa toshiyar ta yi, alhali bai ko leƙa wurin ba, don a makon ne bizarsa ta fito.

Ya daɗe kafin ya sake dannawa.

"Na je kurkuku na duba shi. Ya ce in roƙe ka ka yafe masa, wai ya ɓata maka suna."