Kusurwar Gadon Baba

Auta yana gyara kusurwar majinginar gadon Baba a kwamfuta yayarsa ta shigo, idonta jawur.

Tunda ciwon ƙirji ya kama Baba, in ya kwanta a miƙe numfashinsa sarƙewa yake. Shi ya sa Auta yake zana masa gado mai tasowa. Sun gwada da matasai: digiri talatin Baba ya shaƙe, sittin ya ce bayansa zai ɓalle.

"Yaya, na samo! Arba'in da biyar, na kulle ta. Gobe mai walda zai fara."

Ta dafa kafaɗarsa. "Auta, ƙyale mai walda. Mun kwantar da Baba a miƙe, ko tari bai yi ba. Sai haƙuri."

Ya daɗe yana kallon zanen. Sannan ya goge lambar, ya rubuta sifili. Layin majinginar ya faɗo kan na gadon, suka zama ɗaya.