Fitilar Gwaggo

Tun da aka kafa dokar kare dabbobi, kowane gari da dabbarsa. Mutanen Kwarin Gawo karkanda aka ba su, mace, suka sa mata suna Gwaggo. A saman tankin ruwa akwai koriyar fitila mai ƙiftawa daidai da bugun zuciyarta. Muddin tana ƙiftawa, tallafin masu kare dabbobi yana zuwa, famfo yana zuba, asibiti yana buɗe.

Da hantsin wata Laraba fitilar ta mutu.

Lantana mai ƙosai ce ta fara gani. Ta sauke kasko ta nufi gandun daji, takalmi a hannu. A bakin shinge ta iske Tanimu mai gadi yana dariya.

"Tanimu, lafiyarka kuwa? Fitila ta mutu kana dariya?"

"Inna, leƙa ki gani."

Ga Gwaggo kwance male-male cikin taɓo, tana kaɗa ƙuda da kunne.

"Ku ne fa," in ji Tanimu. "Kun ce zafi zai illata ta, kuka haƙa mata kududdufi. Laka ce ta toshe na'urar kunnenta mai aika wa fitilar bugun zuciyarta. Bari ta tashi in wanke."

Lantana ta zauna daɓas a ƙasa tana hamdala. "Ja'ira! Kin kusa kashe gari."

Kafin azahar fitila ta dawo. A layin famfo Lantana ta ja bokitinta gefe, ta bar matan Tudun Rimi, maƙwabtan da famfonsu ya ƙafe, suka fara ɗiba. Su kuwa, damisa mai ratsi aka ba su, kuma shekara biyu ke nan tasu fitilar ba ta ƙifta ba.