Baiti na Tara

A baiti na tara Si Mufaddal ya tsaya cak, hannunsa ya sandare a kan tsirkiyar rababa, gogensu na gargajiya. Waƙar da kakanni suka ɗauko a ƙirji tun daga Andalus, wadda duk birnin Fas ba mai ita sai shi, ta kuɓuce masa daga nan. Ga shi saura kwana shida Mauludi, ranar da ya yi alkawarin miƙa ta ga ɗalibansa.

Ba takarda, ba faifai. Malaminsa kuma surukinsa, marigayi Alhaji Larbi, ya sha faɗa cewa waƙar da aka kulle a inji gawa ce. Da wannan magana Si Mufaddal ya yi shekara arba'in yana korar masu na'urar ɗaukar murya daga zaurensa.

"Sha shayinka, za ta dawo," in ji matarsa, Lalla Zubida.

"'Yar malam, abin da ya tafi na'ana'a ba ta kiransa."

"To, zauna da taurin kanka, tsoho."

Bayan la'asar ya ji ta. Murya ce ƙasa-ƙasa tana saukowa daga saman bene, muryar Alhaji Larbi, mutumin da shi da hannunsa ya sa a kabari. Ta rera baiti na tara, ta yi tari, ta wuce na goma. Bai gaya wa kowa ba.

Washegari ma haka, tarin nan a gurbinsa. Ran Laraba, da unguwa ta wuni ba wuta, mamacin bai zo ba. Si Mufaddal ya yi ta istigfari, yana tsoron ko ya saɓa masa ne.

Ran Alhamis muryar ta dawo, baitocin suka zauna masa daram, sai ya ga bai dace ya karɓi kyauta ba godiya ba. Ya tuɓe takalmi, ya hau matakala yana salati.

Tsakanin tulunan zaitun ya tarar da Lalla Zubida, tsohuwar rediyo a cinyarta. Ba ta ko ɓoye ba. Ta zaro kaset daga cikin rediyon ta miƙa masa.

"Wane marar tsoron Allah ne ya yi wa malam wannan a ɓoye?"

"Karanta dai."

Rubutun Alhaji Larbi ne a jikin kaset ɗin, da alƙalaminsa na kara: "Ni na ɗauka da kaina. A ajiye wa Mufaddal, don ranar da zai fara mantuwa kamar yadda na fara."