Ramin Yumɓu a Ƙarƙashin Rumbu

Tun farkon damina hankalin Sakinatu ya ƙi kwanciya. Ƙofar ɗakinta da take rufewa da yatsa ɗaya, yanzu sai ta sa kafaɗa. Bangon rumbu ya tsage, darbejiyar bayan gida ta karkata kamar mai ciwon baya.

Gidansu yana bakin gona, a wani ƙauye kusa da Dawakin Tofa. A gefen gonar ne Nababa, yayan mijinta Tahir, yake haƙo yumɓu yana sayar wa maginan tukwane. Ramin ya miƙe ta ƙarƙashin ƙasa har ya iso gidan. Mutanen da can, duk taku biyar sai sun bar ginshiƙin ƙasa ya tallafi saman rami. Nababa kuwa ya ga yumɓun ginshiƙan ya fi kyau, ya dinga sassaƙe su ɗaya bayan ɗaya.

Kullum Sakinatu sai ta auna tsagar rumbun. Da fari tsinke ne yake shiga, daga baya yatsa. Ranar da tafin hannunta ya shige, ta tari Tahir da maganar.

"Malam, jiya da idona na ga ƙasa ta shanye ruwan tsakar gida nan take. Don Allah ka yi wa Yaya Nababa magana."

"Haba Sakinatu! Mutumin da ya riƙe ni bayan rasuwar Baba zan hana neman abincinsa? Da wane baki?"

Ya kwaɓa ƙasa ya yaɓe tsagar, wai shi ya yi gyara. Kwana uku ta sake buɗewa.

Ran Talata da hantsi, bayan ruwa mai ƙarfi, Tahir ya hau rumbu zai ɗebo mata gero. Sakinatu ta ji ƙasa ta motsa. Kafin ta gama salati, rumbu da mijinta sun nutse.

Sai azahar aka tono shi. Yana da rai, amma ƙashin bayansa ya karye, likita ya ce ba zai ƙara takawa ba.

Nababa ya durƙusa a gabansa yana kuka. "Wallahi Tahir, da ka faɗa mini ko sau ɗaya, da na bari."

Jama'a, ƙasar da aka rarake ba ta ruftawa sai ta nuna alama. In bango ya tsage a kan rami, a kwashe a bar wurin, a sanar da mai unguwa. Kunyar ɗan'uwa ba ta kai rai ba.