Taya Mai Kauri da Murfin Taɓo

Gyara zama ka ji misalin wani mutum da kekensa. Ma'aikacin otal ne, mai kai wa baƙi abinci, gidansa can bayan gari. Wata rana ya ci karo da keken tsere a wajen masu gwanjo, siriri, marar nauyi, ƙahonsa a lanƙwashe kamar na rago. Da ya hau ya taka, sai ya ji kamar iska ce ta sure shi. Tun daga ranar bai sake tsayawa jiran mota ba. Yakan ratsa cunkoso yana kaɗa ƙararrawa, ya bar masu adaidaita suna ta hon a baya, ya isa wurin aiki kafin kowa. Abu ɗaya ne ya dame shi: hanyar unguwarsu duk ramuka ce, siraran tayoyin nan kuwa kowane rami sai sun kai masa shi har haƙora. Sai ya cire tayoyin ya jefa ƙarƙashin gado, ya sa masu kauri, waɗanda da ƙyar suka shige tsakanin ƙarafunan keken. Nan fa daɗi ya kai masa karo, ga gudu ga laushi. Ana nan damina ta faɗi. Keken ba shi da murfin taya, wannan lanƙwasasshen ƙarfe da ke tare taɓo, don haka ya isa otal da jan layi a bayan farar rigarsa tun daga ƙugu har ƙeya. Manaja ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Baƙo ba ya karɓar abinci daga hannun mai taɓo. In ka sake zuwa haka, ka juya tun daga ƙofa."

Da ya tashi aiki, kasuwa ya nufa. Ya sayo murafu biyu masu sheƙi, ya ɗauro su a baya yana ta waige don ya ƙara ganinsu. A ƙofar gida ya kifa keken, ya zube sifana da ƙusoshi, yana aiki yana 'yar waƙa. Ya tura murfin, murfi ya ƙi shiga, don taya ta cinye wurin. Zuciyarsa ta ce masa ya mayar da siraran tayoyin a huta, ya ce ina, wanda ya ɗanɗana laushi ba ya komawa. Ya ɗauko guduma ya daddaƙe bakin murfin, ya goge nan, ya lanƙwasa can, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, har dai abin ya shige. Tsakanin taya da murfi bai fi kaurin reza ba. Ya juya taya, ta yi ta juyawa shiru ba ta taɓa komai ba. Ya yi tsalle ya kira matarsa ta zo ta ga ikon Allah. Washegari aka wayi gari da ruwa, shi kuwa murna kamar ranar salla. A kan kwalta abin gwanin sha'awa, ruwa yana bin murfi yana zuba ƙasa, har ya riƙa neman kududdufi da gangan yana kutsawa. Sai ya sauka kan wata 'yar hanyar ƙasa da yake yankewa, mai jar laka da danƙo da tsakuwa. Ya fara jin ƙiii, ƙiii. Feda ta yi nauyi, ya miƙe tsaye ya ƙara mata ƙarfi. Laka ta cushe a ƙarƙashin murfin ta rasa hanyar fita, tsakuwa ta maƙale, tayar gaba ta ƙame wuri ɗaya, mutumin ya tashi ta saman ƙaho ya dira a kwata. Allah ya taƙaita, tafin hannu kawai ya ƙuje, amma rigar ba mai cewa ta taɓa zama fara. Ya saɓo keken a kafaɗa ya komo gida, ya roƙi abokin aikinsa ya tsaya masa a ranar.

Ya zauna yana tsokalo lakar da tsinke, yana kallon ɗan wurin da ƙarfen keken ya bari. Wurin nan ba zai ƙaru ba ko zai shekara yana bugu. Ya shiga ɗaki ya jawo siraran tayoyin, ya kaɗe musu ƙura ya mayar. Ya miƙar da murfin ya ɗaura, wannan karon ɗan yatsansa yana shiga tsakani ya fita. Da safe hadari ya sake haɗuwa. Ramukan unguwa suka girgiza shi kamar dā, ya cije ya wuce. Da ya zo jar hanyar nan bai kauce ba, ya taka. Laka ta shiga ta gaba ta zube ta baya, taya tana ta juyawa abinta. Ya ƙara wuta, ya fashe da dariya shi kaɗai a cikin ruwa. A ƙofar otal ya sauka daga keken, ya juya wa abokan aikinsa baya ya ce su duba. Suka duba, farar riga tas kamar auduga, ya ɗauki farantinsa ya shige wurin baƙi.

Ya so laushi ya so tsabta a wurin da ɗaya kawai zai ɗauka, sai da ya saki ɗaya sannan ya mori ɗayan. Shi ya sa Hausawa suka ce, taura biyu ba ta taunuwa.